A Gaban Tirela Zuwa Tashar Apapa

A gindin gadar Ijora direban da ya yarda ya shiga da ni Apapa ya ce in same shi. Bakano ne, dattijo, tun yana karen mota yake zirga-zirga tsakanin Kano da Legas. Muna hawa gadar ya nuna mini gefenta da baki, ya ce a 2017 da 2018 nan ne ɗakin kwanansa. A lokacin layin tireloli da tankokin mai kan taso daga ƙofar tashar jiragen ruwa, ya haye gadoji ya miƙe har wajen Ojuelegba. Mota sai ta yi makonni ba ta kai ga lodi ba. A kan kwalta ake girki, a nan ake salla.

Mafarin abin ba ɓoyayye ba ne. A 2006 gwamnati ta ba kamfanoni hayar filayen sauke kaya, APM Terminals ya karɓi na kwantena. Cikin katanga aiki ya ƙara sauri, bayan katanga kuwa kowa da rabonsa: titi na gwamnatin tarayya, kula da zirga-zirga na jihar Legas, tasha ta hukumar tashoshin jiragen ruwa, wato NPA, motoci na 'yan kasuwa. Ga rumbunan mai da suka cika unguwar, waɗanda tankoki daga ko'ina a ƙasar ke zuwa ɗiba. Kowa na da hannu a cunkoson, amma ba mai iya warware shi shi kaɗai.

Da muka sauka kan titin Wharf sai ƙarar tayoyi ta sauya, don kankare ne ba kwalta ba. Wannan guntun titi mai kimanin kilomita biyu karo-karo aka yi aka gina shi. A 2017 Dangote da Flour Mills da NPA suka haɗa sama da naira biliyan huɗu, bisa yarjejeniya da ma'aikatar ayyuka ta Babatunde Fashola. An yi ta yabon kamfanonin da kishin ƙasa. Ni dai da na waiga na ga dogayen rumbunan alkama na Flour Mills, ga matatar sukarin Dangote a cikin tashar kanta, sai na ce ruwa ba ya tsami banza. Motocinsu ne kan gaba wajen maƙalewa a ramukan. Ban ga aibu a wannan ba, a ganina ma shi ya sa aikin ya kai ga ƙarshe.

Inda nake da ja shi ne tsarin da ya biyo baya. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a umarnin da ya ba kamfani damar gina titi a cire masa kuɗin daga harajinsa, kuma ta wannan hanya Dangote ya sake gina babban titin Apapa zuwa Oshodi. Titi ya yi kyau, sai dai haraji kuɗin jama'a ne, kamfani kuwa hanyar da ta bi ta ƙofarsa zai fi ɗoki a kai. Garin da ba shi da masana'anta sai ya jira kasafin kuɗi.

Kafin mu kai ƙofa direban ya miƙo mini wayarsa in ga tikitin Eto. Tsarin ya fara aiki a Fabrairun 2021, zamanin da Hadiza Bala Usman ke shugabancin NPA, kamfanin Trucks Transit Parks ne ke tafiyar da shi. Mai mota zai yi mata rajista, ya biya, ya ajiye ta a garejin da aka amince da shi. Daga can ake kiran ta zuwa zangon ƙarshe irin filin Lilypond na Ijora, kuma ba za ta doshi ƙofa ba sai mai filin kaya ya ce a shirye yake. Hukuma ke da ikon hana shiga, kamfani ke da kwamfuta da shingen lantarki. Jiran da ake yi a kan gada aka mayar cikin gareji, da idona kuma na ga motoci na tafiya a kan gadar.

Na tambaye shi ko ke nan an huta. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin na'urar da ta hana a miƙo hannu?" Tikiti na da kasuwar bayan fage, dillalai kan kame shi su sayar da tsada. Wasu kan yi amfani da lambar motar da ba tasu ba. Mu ma an tare mu a shingen da ba shi cikin kowane tsari, yaron mota ya dire ya ba da na goro, ya dawo bai ce uffan ba. Sai kwantenar da aka sauke kayanta: idan an makara wajen mayar da ita, kamfanin jirgi ya zaftare kuɗin ajiyar mai kaya, mai kaya kuma ya huce a kan mai mota. Ƙungiyoyin NARTO da AMATO kan halarci taruka, amma na masu motoci ne. Wanda ke kwana a gaban sitiyari ba kasafai ake jin ta bakinsa ba.

A ƙofa na sauka, tunda ba ni da takardar shiga. Jami'i ya duba tikiti, sanda ta ɗaga, tirela ta shige. Daga inda nake ana hango layin dogon da aka shigar tashar a 2021, reshen na Legas zuwa Ibadan. A Kano an buɗe tashar kan tudu ta Dala a Janairun 2023, da fatan a riƙa yin aikin kwastan a can. Amma kwantenar da dattijon zai ɗauka ta wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ce, kuma ta titi za ta bi: Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, fiye da kilomita dubu.