Kurket da kokowa: doka ce ke naɗa sarki

A ƙasar Kurfai yaro zai gama lakwal bai taɓa ganin sandar kurket ba. Wasa ne da ya bi sawun mulkin Ingila zuwa Indiya, Pakistan, Ostireliya da Najeriya, Nijar kuwa Faransa ce ta mallake ta. Amma tarihin gasanninsa na ɗauke da darasi ga masu shirya kokowa a Filinge da kewayenta.

A shekarar 1975 aka buga gasar kofin duniya ta kurket ta farko a Ingila, inda ƙungiyar tsibiran Karebiyan ta doke Ostireliya. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe gasar takobin kokowa ta ƙasa a Tawa, zamanin mulkin Seyni Kunce, ɗan Fandu ta gundumar Filinge, Kantu na Maraɗi ya zama sarkin farko. Duka biyun tsofaffin wasanni ne da aka ɗinka wa sabuwar riga.

Kurket na asali, wanda ƙasashe suka fara karawa a cikinsa a 1877, yakan ci kwana biyar, kuma a tashi babu gwani. Don samun zakara a yini guda aka ƙayyade wa kowane ɓangare jifa 360 a 1975, daga baya aka rage zuwa 300. A 2007 aka soma gasar duniya mai jifa 120, wadda ake gamawa cikin awa uku, Indiya ta kayar da Pakistan. ƴan kallo da kuɗin talabijin sun ƙaru, sai dai haƙuri, wanda shi ne jarin tsohon ɗan wasa, ya rage daraja.

Wasan ƙarshe na 2019 ya nuna inda gizo ke saƙa. Ingila da Niyuzilan suka yi kunnen doki, maki 241 kowacce. Aka ƙara jifa shida-shida, suka sake yin 15 da 15. Sai aka ba Ingila kofi domin ta fi yawan bugun da ya kai iyakar fili, 26 da 17. Niyuzilan ta koma gida ba a fi ta maki ba, kuma kafin shekarar ta ƙare hukumar kurket ta duniya ta soke wannan doka.

Kokowa ma ta sha irin wannan sauyi. A dandalin ƙauye bayan girbi, kalangu da idon dattawa ne alƙalai. A gasar takobi kuwa jihohi takwas ke kawo ƴan kokowa goma-goma, kowace jiha ta kara da sauran, kuma kaye ɗaya ya isa ya raba mutum da takobi. Wannan tsanani shi ya ƙara wa Isaka Isaka na Doso kwarjini da ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a 2023. Gasar ƙasashen CEDEAO ta bi wata hanya, ta kasa ƴan kokowa aji biyar bisa nauyi, don haka ƙaramin jiki ma na iya komawa gida da lambar zinariya.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Malamai da ƙungiyoyin al'adu masu haɗa ɗalibai kokowa su ne ke zaɓen abin da yaro zai koya. In ba a raba nauyi ba, ƙato ne zai ci kullum, mai dabara ya daina zuwa. In ba a faɗi yadda za a raba gardamar kunnen doki tun kafin a buga ganga ba, rigimar za ta bi yara har unguwa. In an datse kirari da kiɗa don gudun ɓata lokaci, an jefar da Hausar da ake wahalar koyarwa a aji. Ya kamata a rubuta dokar da Hausa, a karanta ta a gaban iyaye, sannan a kira ƴan kokowa fili.