Kwamfuta Ta Ce Babu

A shekarar 2002 ne, muna sababbin shiga aikin koyarwa, malaman makarantarmu suka yi karo-karo domin a haɗa kwamfutar ofis da intanet. Dalili kuwa shi ne, ƙungiyar marubuta ta ɗalibai, wadda aka ɗora mana nauyin kula da ita, tana son ta riƙa aika gajerun labarai da maƙalu ga jaridu ta imel, maimakon jiran gidan waya. Da yake mu ne muka kawo shawarar, mu aka danƙa wa kuɗin, mu kuma muka je wani shago muka sayo abin da ake kira modem.

Ga mai karatu da bai riski wancan zamani ba, modem wata na'ura ce da ke juya bayanan kwamfuta su zama sauti, su bi ta layin tarho, a can gaba wani modem ɗin ya mayar da su yadda suke. Mafi saurinsu bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, kuma muddin ana kan intanet, to tarhon ba ya shiga. Namu na hannu ne, irin wanda ake sokawa a cikin cikin kwamfuta.

Muka soka shi, muka ɗaure, muka kunna. Kwamfutar, mai aiki da Windows 98, ta yi lalube ta ce ba ta ga wani modem ba. Muka kashe muka sake kunnawa, ta ce babu. Muka zare shi muka hure ƙura muka mayar, ta ce babu. Muka loda manhajarsa daga faifai har sau uku. Wani lokaci ma a tsakiyar laluben sai linzamin kwamfutar, wanda yara ke kira ɓera, ya ƙage ya ƙi motsi, mu kuwa sai mu ɗauka tsufa ne kawai ke damun na'urar.

Kwana huɗu ana haka, magana ta fara yawo a ɗakin malamai. Ba wanda ya fito fili ya tuhume mu, amma tambayar "Malam, yaya labarin intanet ɗinmu?" ta soma zuwa da wani irin murmushi. Don mu wanke kanmu, sai muka yanke hukunci cewa mai shago ya sayar mana da mataccen kaya. Har mun rubuta masa takarda mai zafi, muka zaɓi kalmomi masu ciwo kamar yadda mai alƙalami ya iya. Allah Ya taimake mu shugaban makaranta ya ce a fara kiransa tukuna.

Mutumin ya zo da yamma, dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurari ƙorafinmu har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ai ba a cewa babu kowa a gida sai an yi sallama. Kun yi masa sallama?"

Ya bayyana mana cewa modem yana da harshensa, wanda kamfanin Hayes na Amurka ya fito da shi a 1981, kuma kusan kowane umarni a cikinsa da haruffan AT yake farawa. In ka buɗe manhajar HyperTerminal ka rubuta AT, modem mai rai zai amsa da OK. Ya gwada, amsa ta ƙi fitowa, linzami kuma ya sake ƙagewa. Abin da muka yi kwanaki muna kawar da kai daga gare shi, shi ne ya sa dattijon ya gyara zama.

Ya ce irin waɗannan kwamfutoci suna da ƙofofi huɗu da ake kira COM1 zuwa COM4, amma ƙararrawar da suke kaɗawa don jawo hankalin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato IRQ, guda biyu ce kawai aka ware musu. COM1 da COM3 suna tarayya a kan ta 4, COM2 da COM4 kuma a kan ta 3. Linzaminmu yana kan COM1. Da ya zaro modem ɗin, sai ya nuna mana wasu 'yan hulunan roba da ke kan ƙananan ƙusoshi, waɗanda mai shi na farko ya saita a kan COM3. Ashe abu biyu ne ke kaɗa ƙararrawa ɗaya, kwamfuta ta rasa wanda za ta amsa wa.

Ya shiga saitin BIOS ya rufe COM2 ta jikin kwamfutar, wadda ba a amfani da ita, ya matsar da hulunan zuwa COM2 da ƙararrawa ta 3. Ya kunna, ya rubuta AT. Sai ga OK. Da aka zo buga lamba kuma ta ce ba ta ji sautin layi ba, bai taɓa komai a ciki ba, bayan kwamfutar ya leƙa. Ramuka biyu ne a jikin modem, ɗaya na layin da ya fito daga bango, ɗaya na kan tarho, mu kuwa mun musanya su. Ya gyara, muka ji wannan ƙara mai kama da kukan gyare, aka haɗu. Ko sisin kwabo bai karɓa ba.

Kafin ya tafi ya bar mana ƙa'ida: a tambayi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Shin kwamfuta ta ga ƙofar? Shin modem ya amsa sallama? Shin layin yana da rai? Kada a canza abu biyu tare, domin in ya gyaru ba za a san wanne ne maganin ba.

Yau modem irin wannan ya zama tarihi, ɗalibanmu da wayar hannu suke aika rubutunsu. Amma takardar nan tana nan a cikin akwatinmu, ba mu yaga ta ba. Mukan ɗauko ta mu karanta duk lokacin da hannu ya yi ƙaiƙayin rubuta raddi ga wani edita da ya yi shiru da labarinmu, ko wani manazarci da muke ganin bai fahimce mu ba. Hausarta ta yi kyau, hujjojinta sun jeru, kuma babu gaskiya ko ɗaya a cikinta. Da ta isa hannun dattijon nan, da mun ɓata sunan mutumin kirki a kan 'yar hular robar da ba ta kai ƙwayar masara ba.

'Yan'uwa marubuta, iya tsara magana ba ya mayar da zato ya zama sani. Kafin mu rubuta cewa babu, mu tabbata mun yi sallama a ƙofar da ta dace. Allah Ya tsare alƙalumanmu daga ɗaukar alhakin bayinSa, amin.