Yarinyar da Ba Ma Sakawa a Labaranmu

Mu marubuta mun saba, in za mu siffanta tauraruwar labari sai mu ba ta dara-daran idanu, dogon hanci da wushirya. Wadda haƙoranta na gaba suka turo har leɓe ya kasa rufe su kuwa, ba ma tunawa da ita sai muna neman muguwar kishiya ko abin dariya. Ni a gidanmu irin wannan yarinyar ta tashi, 'yar yayata.

Tana shekara 9 ta daina dariya sai ta kare baki da hannu. 'Yan ajinsu sun laƙaba mata Zomo, ta daina ɗaga hannu ko da ta san amsa. Da aka kawo maganar asibiti, kakarta ta ce halitta ce, a bar ta yadda Allah ya yi ta. Likitan haƙori kuwa da ya duba, sai ya ce tsotson yatsan da ta yi har ta shekara 7 ne ya tura su waje. Ya ƙara da cewa irin waɗannan haƙoran sun fi saurin karyewa idan yaro ya faɗi. Wannan maganar ce ta sauko da Hajiya.

Sai da ta gama famfara, tana shekara 12, aka sa mata waya. Ana manna ƙananan ƙarafa a kan haƙora, a ratsa siririyar waya ta cikinsu. Wayar tana matsa haƙori a hankali, ƙashin da ke riƙe da saiwarsa yana zaizayewa ta gefen da ake turawa, yana ginuwa ta ɗaya gefen, da haka haƙori ke gusawa. Shi ya sa aikin ba ya son gaggawa. Kusan shekara biyu muna komawa bayan 'yan makonni ana ɗaure wayar. Ta haƙura da rake, ƙuli-ƙuli da cingam, kuɗi ma sun tafi ba kaɗan ba. Bayan an cire, aka ba ta abin sawa da dare don kada haƙoran su koma gidan jiya.

Can na ji cewa giɓin da ake gani tsakanin haƙoran sama na ɗan shekara 8 yakan rufe da kansa idan fiƙoƙi suka fito, wajen shekara 11 zuwa 12. Wadda ta zauna ita ce wushiryarmu, kuma in baki lafiya lau yake, babu dalilin taɓa ta.

Roƙona gare ku, 'yan uwa: yaran nan suna karanta mu. Duk lokacin da muka liƙa wa muguwa haƙora gatso-gatso, akwai wata 'yar aji shida da za ta ga kanta a shafin, ta ƙara danne baki. A labarinku na gaba, ku ba mai irin haƙoran nan suna mai daɗi, ku bar ta ta yi magana.