Kyarkecin Meksiko Da Ya Kusa Ƙarewa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wata dabba da ta daɗe tana sa ni tunani, watau kyarkecin Meksiko. Ba irin namu ba ne mai dabbare-dabbare. Toka-toka ne, shi ne kuwa ƙarami cikin danginsa na Amurka ta Arewa.

Tun wajen 1915 Gwamnatin Amurka da kanta ta sa aka bi shi da tarko da guba, don yana kashe wa makiyaya shanu, har aka wayi gari babu shi sai ɗai-ɗai a duwatsun Meksiko. A 1976 ta sake shawara, ta sa shi cikin dabbobin da doka ta tsare. Wanda aka aika ya kamo na rai kuwa, Roy McBride, gwanin tarko ne da a dā yake kashe su. Daga 1977 zuwa 1980 biyar kaɗai ya samo, mace ɗaya ce, da ciki. Aka yi kiwonsu a killace, aka haɗa da waɗansu, sai a 1998 aka saki 11 a dajin Arizona. Da aka ƙidaya a ƙarshen 2024, an sami 286 a Arizona da New Mexico.

To, ni akawu ne, lissafi ne aikina, kuma akwai lissafin da ya fi wannan damuna. Duk waɗannan kyarketai daga kakanni 7 suka fito. Jini ya yi kusa ƙwarai, jini in ya yi kusa kuwa haihuwa takan ragu. Dabarar da masana suke yi tun 2016 ita ce, a ɗauko 'ya'yan na killace tun ba su wuce mako biyu ba, a shafa musu ƙasar rami da fitsarin 'ya'yan na daji, a zuba su tare. Uwa ta dawo, ta sansana, ta shayar da su duka. Kai, wannan wayo ya ba ni sha'awa!

Amma fa makiyayi yana da gaskiyarsa. Mutumin birni yana murna kyarkeci ya dawo, ɗan maraƙin wani ne ke biyan kuɗin. Ana ba da diyya, sai dai sai an tabbatar kyarkeci ne ya yi ɓarnar, gawa kuwa ba ta jiran mai bincike. A ganina in ba a sauƙaƙa biyan nan ba, masu harbinsu a ɓoye ba za su daina ba.

Ina so maharba da malaman daji su rubuto su gaya mana, yaushe rabonsu da ganin namu kyarkecin, kuma a wane daji? Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu