Murhun Da Ya Tona Min Asiri

Shekara biyu ina makarantar nan, babu wanda ya san sana'ar gidanmu. Duk wanda ya tambaye ni me Baba yake yi, sai in ce, "Harkar ƙarfe yake." Ban yi ƙarya ba, amma kuma ban faɗi gaskiya ba. Masu ji sukan ɗauka dilan rodi ne, ni kuwa sai in yi gum. Alhali maƙeri ne, ɗan maƙeri. Kurfoti da kaskon suya yake ƙerawa daga tsofaffin durom da yake saye wajen 'yan jari-bola. Tun ina firamare ni ke yi masa zuga.

Zangon da ya wuce, ajinmu na safiyo ya fita sansanin firaktikal na mako biyu a wani ƙauye. Mu goma sha huɗu ne a rukuninmu. Muka yi karo-karo muka sayi shinkafa da wake da manja. Kun dai san yadda komai ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, don haka rabin tukunyar gas kawai muka iya zubawa. Ran kwana na huɗu ta ƙare, wake ko laushi bai yi ba. Ga damina, itace duk a jiƙe. Muka kafa duwatsu uku, muka yi ta fifita, babu abin da muka samu sai hayaƙi da hawaye. Da gari da ƙuli muka kwana.

Wallahi a daren nan na san mafita, amma na yi shiru. Tsorona kada a tambaye ni inda na koya. Da safe wani ɗan rukuninmu mai gyambon ciki ya kasa ɗaukar kayan awo, ya zauna a gindin bishiya yana riƙe da ciki. Nan kunya ta gaske ta kama ni.

Na shiga gari na samo tsohon bokitin fenti na ƙarfe a bayan makarantar firamare. Wani kafinta ya ba ni buhun garin katako kyauta, har da godiya don na rage masa shara. Na ari guduma da kurfi wajen mai gyaran keke, na tsinto guntayen rodi uku.

Abin da na haɗa shi ne wanda iyayenmu ke kira murhun Abacha, domin a zamanin mulkinsa, tsakanin 1993 da 1998, ya yaɗu saboda wahalar kananzir. Da farko na babbake bokitin da takardu da kara har fentin ya ƙone, don kada warinsa ya shiga abinci. Na huda rami a gefe, kusa da gindi, kamar faɗin bakin kofi. Na tsayar da kwalba a tsakiya, na zura sanda ta ramin gefen har ta taɓa kwalbar. Sai na riƙa zuba garin katako ina danna shi da ƙarfi, hawa-hawa, har ya kusa cika. Da na zare kwalbar da sandar a hankali, sai ga hanya ta fito: iska ta shiga ta ƙasa, wuta ta fita ta sama. Sirrin ke nan. Idan ba ka danne garin sosai ba, rushewa zai yi ya toshe hanyar. Rodin nan uku na gitta su a baki, don tukunya ta zauna ba tare da ta rufe numfashin wutar ba.

Na cusa takarda mai wuta ta ramin ƙasa. Kafin a jima wuta ta kama, tana ci daga ciki tana faɗaɗa. Cikawa ɗaya ta dafa mana garau-garau, muka ɗora ruwan shayi a kan sauran.

Muna cikin ci shugabar rukuninmu ta dube ni ta ce, "Kai malam, wannan riƙon guduma ba na ɗan koyo ba ne. Ina ka samo shi?"

Na ce, "Gidanmu maƙera ne."

Na jira dariya, ba ta zo ba. Cewa ta yi, "To mu ƙosai Inna take soyawa, da shi ake biyan kuɗin makarantata." Wani ya ce nasa uban ɗan dako ne. Ashe kusan kowa da abin da yake ɓoyewa. Kafin mu tashi, rukuni uku sun zo na haɗa musu nasu.

Gargaɗi ɗaya ga mai son gwadawa: a fili ake kunna shi. Kada ka shigar da shi ɗaki ko tanti, shi ko kurfotin gawayi, komai ruwa komai sanyi. Iskar da ke fita daga garwashi ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.

Da na je hutu na ba Baba labari. Bai ɗago daga kan uwar maƙera ba, murmushi kawai ya yi ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Zo ka kama min zugar nan." Na tuɓe rigata na zauna.