Mutumin da Ba Ya Roƙon Dariya

'Yan uwa marubuta, akwai wani irin shiru da duk wanda ya taɓa miƙewa gaban jama'a don karanta rubutunsa yake tsoro, kuma mu mun ɗanɗana shi. A wani zaman karatu ne muka gabatar da gajeren labarinmu na barkwanci, wanda muka yi wata biyu muna gyarawa. A ciki mun sa maigida ya zame a bakin rijiya, akuya ta cinye wasiƙar soyayya, mai in'ina ya kai saƙo. Muka kai aya ta ƙarshe ba wanda ya ko murmusa. Shugaban zama ya ce madalla da ƙoƙari, ya kira na gaba.

Da aka tashi sai wani dattijo, tsohon malamin Ingilishi, ya ja mu gefe ya ce, "Ɗana, ka yi ta barar dariya, shi ya sa muka hana ka. Ka zo gida ran Asabar in nuna maka wanda ba ya bara." Muka ce, "To, Baba," alhali zuciya na tafasa. Asabar huɗu muka yi muna zuwa, kowace rana fim ɗaya, dukkansu na wani Bature ɗan Ingila mai suna Alec Guinness.

An haifi Guinness a Landan a 1914, ya rasu a 2000. Matasa sun fi saninsa da tsohon nan mai alkyabba na Star Wars na 1977, manya kuma da The Bridge on the River Kwai na 1957, wanda ya ba shi kyautar Oska. Amma waɗanda Baba ya ajiye su ne na ban dariya da ya yi da kamfanin Ealing bayan ya dawo daga aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Ingila ta wancan lokaci ta ci yaƙi amma aljihunta ya huje. Sai da kati ake sayen tufafi har 1949, nama kuwa har 1954. Cikin wannan ƙunci aka yi fina-finan, don haka kusan kowannensu labarin ƙaramin mutum ne da ya gaji da layi yana neman hanyar tsallakewa.

Mun fara da Kind Hearts and Coronets na 1949. Wani saurayi ne da dangin uwarsa masu sarauta suka yi watsi da ita saboda ta auri mawaƙi ɗan Italiya, har suka hana a binne ta a makabartar gidansu. Sai ya ƙudura kawar da mutum takwas da ke tsakaninsa da sarautar. Dennis Price ne saurayin, su kuwa takwas ɗin nan duka Guinness ne, yana ɗan shekara 35: shi ne limamin coci mai surutu, shi ne janar, shi ne mai banki, har da wata mace da aka harbo da kibiya tana cikin balan-balan. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne hafsan sojan ruwa, wanda taurin kansa ya sa jirginsa ya yi karo, ya tsaya ƙyam yana sarawa har ruwa ya shanye shi. Muka yi dariya har da hawaye. Baba ya tsayar da faifan ya ce, "Ka ga ya yi wani abu don ya ba ka dariya?" Muka duba, babu. Mutumin a ganinsa mutuncinsa yake karewa.

Asabar ta biyu muka ga The Lavender Hill Mob na 1951. Nan Guinness akawun banki ne mai suna Holland, mai tabarau da sanyin murya, wanda ya shekara ashirin yana rakiyar motar zinariya, kowa na ɗaukarsa salihi marar buri. Ashe duk shekarun nan shiri yake. Ya haɗa kai da wani mai ƙera kayan tsaraba, suka sace zinariyar fam miliyan ɗaya, suka narka ta suka zuba ta a siffar ƙananan hasumiyoyin Eiffel don fitar da ita zuwa Faris. Shi da kansa yake ba wani baƙo labarin a wani gidan cin abinci a birnin Rio, yana ta rabon kuɗi kamar basarake. Sai da suka miƙe tafiya muka ga ankwa ce ta haɗa hannuwansu. T.E.B. Clarke, wanda ya rubuta labarin, ya sami Oska a kansa, kuma mun ga dalili: tun minti na farko ankwar tana ƙarƙashin tebur, marubucin ya yi haƙurin ɓoye ta har ƙarshe.

Amma wanda ya hana mu barci shi ne The Man in the White Suit, shi ma na 1951. Wani matashi mai ilmin haɗa sinadarai, Sidney Stratton, ya ƙirƙiro yadin da ba ya datti kuma ba ya tsufa, yana zaton duniya za ta gode masa. Masu masaƙu suka lissafa suka ga in kowa ya sayi riga ɗaya ciniki ya mutu. 'Yan ƙwadago suka lissafa suka ga aikinsu ya tafi. Waɗanda ba sa ga maciji da juna suka haɗu suna bin sa da gudu cikin dare, farar kwat ɗinsa tana haske ta hana shi ɓuya. A wani lungu ya ci karo da tsohuwar da yake haya a gidanta, mai wanki, ta tambaye shi me za ta ci in babu sauran abin wankewa. Guinness bai ce uffan ba, fuskarsa kawai ta sauya. Dariyarmu ta tsaya a maƙogwaro, domin a labarin nan kowa yana da gaskiyarsa, kuma mun tuna mai wanki da guga na unguwarmu.

Na ƙarshe, The Ladykillers na 1955, ɓarayi biyar ne da suka kama haya wurin wata tsohuwa kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, suna kunna garmaho don ta zaci makaɗan goge ne. Suka kasa kashe ta, suka kashe juna. Da ta je ta faɗa wa 'yan sanda gaskiya suka ɗauka ruɗin tsufa ne, suka ce ta riƙe kuɗin.

To, me muka tsinta? Mun koma ga labarinmu muka tambayi kanmu abin da maigidan nan yake so a duniya, sai muka tarar ba mu sani ba. Mun halicce shi ne kawai don ya zame. Mai in'inar kuwa, mun ji kunya, don halittarsa muka mayar abin dariya, kuma watakila cikin masu sauraronmu akwai mai ɗa irinsa. Mutanen Guinness kowanne yana da buƙatar da ta dame shi, yana bin ta bilhaƙƙi, bai san ana kallonsa ba. Daga tazarar da ke tsakanin yadda yake ganin kansa da yadda muke ganinsa dariyar take ɓullowa.

Mun sake rubuta labarin. Akuya da rijiya sun fita. Saura maigida da ya ci bashi don ya yi wa suruki karimcin da ya fi ƙarfinsa, yana zaune yana fara'a, mai bashi na sallama a ƙofa. Mun kai wa Baba ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Yanzu ka fara." Bai yi dariya ba, amma bai ce madalla da ƙoƙari ba. A zama mai zuwa za mu sake miƙewa gabanku da shi, in Allah Ya kai mu. Wanda ya ga inda muka koma bara, don Allah ya ja mu gefe ya faɗa mana.