Yadda Shayi Ya Jawo Mini Sifiri

Ni mutumin Gwiwa ne, a ƙasar Kazaure, kuma har na shiga aji huɗu ban taɓa ganin filin wasan golf ba. A jarrabawar Turanci ta ƙarshen zango aka ba mu wani labari, a ciki aka ce wani manaja "was teed off", aka ce mu faɗi ma'ana. Na dubi kalmar, na ce ai wannan ti ne, wato shayi. Sai na rubuta cewa manajan ya sha shayi ya tashi. Malam ya karanta amsata a gaban aji, aka yi ta dariya, har yau wasu Mai Shayi suke kirana. Dariyar ba ta dame ni kamar makin ba, domin wanda bai ci Turanci ba, jami'a sai dai ya hango ta daga nesa.

Da hutu na je Kano wurin kawuna, wanda ya daɗe yana ɗaukar wa 'yan golf jakar sanduna. Da na ba shi labari sai ya laluba aljihu, ya fito da wani ɗan turke, bai kai tsawon yatsa ba. Ya ce, "Ɗana, ga shayinka." Ashe sunansa ke nan "tee". A ƙasa ake kafa shi, a ɗora ƙwallo a kai, a yi bugun farko na kowane rami, ramukan kuwa 18 ne. A Sikotlan, inda wasan ya girma, da can 'yar ƙasa ake tarawa a ɗora ƙwallon.

To, wannan bugun farko shi ne "tee off". Daga nan Turawa suka ari kalmar, ko taro za a fara sai su faɗe ta. Mutanen Amurka suka ƙara nasu: wanda aka ce "teed off" an ɓata masa rai, in kuwa an ƙara "on", an rufe mutum da faɗa ke nan. Ashe manajan nan fushi yake yi, ni kuwa na ba shi shayi.

Na ce wa kawu wannan ba adalci ba ne, ina ɗan Gwiwa zai san turken Turawa? Ya ce in kai wa Bature "shiga sharo ba shanu" in ga abin da zai rubuta. Ya ba ni turken, yana nan cikin akwatina tare da takardar sifirin.